Zanen Da Ba Ya Cewa "Da Sauƙi"

Bara da kaka na je gida duba yayata, a wani ƙauye da ke tsakanin Ringim da Taura. Wata goma sha huɗu ke nan tana kwance. Hawan jini ne ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ma sai wanda ya saba da ita ke ganewa. Ɗanta na biyu, wanda ya karanta zane-zane a kwalejin ilimi yake kuma koyarwa a ƙaramar sakandaren garin, shi da ƙanwarsa ne ke ɗawainiyarta. A shagonsa na sauka. Ina ajiye jaka idona ya faɗa kan wani kwalin taliya da aka farke aka baje, aka kafe shi da ƙusa huɗu a jikin bango. Daga sama har ya wuce rabi shuɗi ne mai duhu, an shafa an sake shafawa har kwalin ya sha ruwa ya kumbura ya lanƙwashe. Ƙasa da shi akwai layi guda na farar ƙasa, ya taso daga dama da kaurinsa, yana tafiya yana sirancewa, ya katse, ya sake tasowa, ya kuma katsewa, bai kai ɗaya gefen ba. Can a kusurwar hagu wani ɗan tabo ja, kamar inda aka tofar da goro. Shi ke nan. Babu mutum, babu bishiya, babu ko akuya.

Na ce, "Malam, wannan kuma mene ne?"

Ya ce, "Ba komai ba ne, Kawu."

Na ɗauka kunya ce ta hana shi bayani, irin ta yaranmu in babba ya tsare su da tambaya. Sai da na kwana biyu a ɗakin, ina buɗe ido da asuba in tarar da kwalin nan a gabana, sannan na gane amsar da ya ba ni daidai take. Zanen ba hoton komai ba ne. Irinsa ne Turawa ke kira abstirak, mu kuwa sai mu ce zane marar siffa. Mai yinsa ba ya kwaikwayon wani abu da ido ya sani, launi da layi da fili kawai yake jerawa, su yi aikin da siffa ta saba yi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, yaron nan na san yana iya zana fuskar mutum har ka kira sunan mai ita. Me ya sa da ya zo kan abin da ya fi komai cin ransa, ya ajiye wannan gwanintar gefe?

A ganina amsar tana cikin gaisuwarmu. Ka shiga ɗakin marar lafiya ka ce "Ya jiki?" Ko numfashi yake ja da ƙyar, "Da sauƙi" zai ce maka. Ka juya ga mai jinya da idonsa ya faɗa don rashin barci, ka ce "Ina gajiya?" ya ce "Ba gajiya." Tambayar tana zuwa da amsarta a goye. Ban raina wannan ɗabi'a ba ko kaɗan. Akwai tawakkali a cikinta, akwai rufin asiri, akwai kuma tausaya wa mai dubiya, kada a ɗora masa kayan da bai zo da gammon ɗauka ba. Ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai dai abin da aka haɗiye yana nan a cikin. Yayata ta ce min "da sauƙi" da rabin bakin da ya rage mata, ɗanta ya ce min "ba gajiya" yana tsaye yana gyangyaɗi, ni kuma na ce "Allah Ya ƙara sauƙi." Kowa ya yi abin da ya kamata, kuma babu wanda ya faɗi komai.

Ko da an so a faɗa ma, da wane baki? Hausa ba ta talauce wajen kalmomin ciwo ba. Zogi daban, raɗaɗi daban, ga suka, ga sara, ga murɗa, ga ƙuna, ga tsamin jiki da kasala da jiri. Amma ka lura, da yawansu aro ne daga abin da ake yi wa wani abu a waje: kai na sara kamar da gatari, ciki na murɗawa kamar ana matse wanki, ƙirji na suka kamar da mashi. Ciwo ba shi da surar da za a nuna da yatsa, dole sai an jingina da "kamar". Masanan Turawa ma sun ci karo da wannan katanga. A 1975 Ronald Melzack na jami'ar McGill da ke Kanada ya fitar da takardar tambayoyi mai kalmomi 78 na siffanta ciwo, domin majinyaci ya zaɓi waɗanda suka yi daidai da nasa. A wasu asibitocin kuma akan ce ka auna ciwonka daga sifili zuwa goma. Dabaru ne masu amfani ga mai rubuta magani. To amma gajiyar wanda ya yi sama da shekara yana tashi sau uku cikin dare yana juya mahaifiyarsa don kada gyambo ya fito mata a baya, yana jawo ruwa kafin gari ya waye don ƙanwarsa ta wanke shimfiɗa maƙwabta ba su gani ba, yana kuma jin kunyar kansa duk ranar da zuciya ta raya masa "yaushe za a gama", lamba nawa za a ba ta?

Zane marar siffa bai daɗe da zama fanni mai cin gashin kansa a Turai ba. Wata 'yar Suwidin, Hilma af Klint, ta fara irinsa a 1906, ta kuma bar wasiyya kada a baje shi sai bayan shekara 20 da mutuwarta. Wassily Kandinsky ɗan Rasha ya kama tasa hanyar wajen 1911, a 1915 kuma Kazimir Malevich ya rataye baƙin murabba'i a kan farin fili ya ce zane ne. Wannan tarihin kowa zai iya nemansa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yawan manyan fannin da ciwo ya sauya wa hannu, da kuma yadda sauyin ke fitowa ɓaro-ɓaro a aikin.

Ɗauki Paul Klee, wanda aka haifa a Suwizalan a 1879, ya yi suna a Jamus da siririn layi kamar saƙar gizo-gizo. 'Yan Nazi suka raba shi da aikin koyarwa a 1933, ya koma birnin Bern, a 1935 kuma wata cuta mai sa fata ta sandare ta yi tauri ta kama shi, har haɗiyar abinci ta zama masa aiki. A 1936 zane 25 kacal ya iya yi. A 1939, shekara guda kafin mutuwarsa, ya yi sama da 1,200. Siririn layin nan ya tafi, baƙin layi mai kauri ya maye gurbinsa, gajejjere, a kakkarye, wani lokaci a kan tsumman buhu ko takardar jarida. Akan hango fuska a wasu, ko wata alama kamar harafi, amma ko ba a faɗa maka komai game da shi ba, za ka ga aikin mutumin da ba shi da sauran lokacin yin ado. Sam Francis kuwa, Ba'amurke, ciwon ne ma ya mai da shi mai zane. Ya ji rauni a gadon baya lokacin da ake horar da shi tuƙin jirgin soja a yaƙin duniya na biyu, tarin fuka ya kama masa ƙashin baya, ya shafe shekaru a gadon asibiti, a nan ya fara riƙe burushi yana kwance. Daga baya ya yi manyan zane-zane da tsakiyarsu fari ne fes, launukan duk sun koma gefe. Duk lokacin da na ga hotonsu sai in tuna yayata, wadda na tabbata ta san adadin azarar ɗakinta da kowace tsaga da ke jikinsu.

Henri Matisse na Faransa ya nuna wata fuska dabam. An yi masa babban aiki a ciki a 1941, daga nan rayuwarsa ta koma tsakanin gado da keken guragu. Tsayuwa gaban allon zane ta gagara, sai ya koma almakashi. Mataimakansa su shafa wa takarda launi, shi ya yanka, su kuma su kafa a bango inda ya nuna, ya ce a matsa, a ɗaga, a sauke. A 1953 ya yi wani da ya kusa mita uku kowane gefe, gutsattsarin takardu masu launi ne a kewaye, ya kira shi dodon-koɗi. Sunan Matisse ne kaɗai a jiki, amma ba don hannuwan da suka hau tsani suka kafa takardun ba, da babu zanen. Duk wanda ya taɓa jinya ya san wannan lissafin.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar Alƙur'ani ne, don haka allo da tawada da alƙalamin kara ya fara sani kamar kowane ɗanmu. Ya yi karatun zane a Landan a shekarun 1950, ya dawo gida ya tarar mutanensa ba sa ganin kansu a irin aikin da ya koyo, sai ya koma ga harafin Larabci da adon gargajiyarsu yana warware su yana sake ɗinkawa. A 1975 gwamnati ta tsare shi a kurkukun Kober sama da wata shida ba shari'a. A 2013 gidan baje zane-zane na Tate Modern da ke Landan ya yi babban baje kolin aikinsa. Da tsufa ya zo da ciwon baya mai tsanani ya zaunar da shi, tun daga 2016 sai ya shiga buɗe kwalayen magungunan da yake sha yana zane a bayansu da alƙalami, ƙanana, layi a kan layi, wani da fuska a ɓoye a ciki, wani ba komai sai saƙa. Ya sha faɗin cewa in yana zanen yakan manta da ciwon. Ni abin da ya taɓa ni shi ne kwalin kansa. A kowane gida da ake jinya akwai wata leda ko wani tsohon kwanon samira cike da fankon magani, kowane ɗaya da kuɗin da ya ci da akuyar da aka sayar dominsa. Dattijon nan ya ɗauki shaidar ciwon ya mai da ita allonsa. Ɗan yayata bai san da shi ba lokacin da ya farke kwalin taliya, kuɗin sayen yadin zane ne kawai ba shi da su. Da na nuna masa hotunan a waya ya daɗe bai ce uffan ba.

To ta yaya abin da ba hoton komai ba ne zai isar da saƙo? Makiyayi ya fi kowa sanin amsa. Ya tarar da sawu a burtali, bai ga dabbar ba, amma zai gaya maka wannan saniya tana ɗingishi da ƙafar baya, wancan jakin da kaya a kansa, waɗannan kuma a guje suka wuce. Bai buƙaci ganin saniyar ba, abin da jikinta ya bari a ƙasa ya ishe shi. Zane marar siffa da sawu ake karanta shi. Da yake babu fuska ko gida da za su janye maka hankali, abin da ya rage shi ne tafiyar hannu: inda ya danna, inda ya yi rawa, inda fenti ya ƙare aka ci gaba da jan busasshen burushi, inda aka koma wuri ɗaya sau ashirin. Jikinka ya san waɗannan tun kafin hankalinka ya fassara, kamar yadda kukan goge ke shiga mutum ba tare da kalma ko ɗaya ba.

Da na matsa wa ɗan yayata daren da zan taho, ya gaya min yadda aka yi shuɗin. Bula ce ta wanki yake damawa da ƙaro. Duk daren da ya juya mahaifiyarsa ya dawo barci ya ƙi, sai ya ƙara shafe guda. Bai ƙirga ba. Kumburin kwalin nan da na gani, kwanakin ne suka taru. Farin layin kuwa a dare ɗaya ya ja shi, bai kuma koma ya gyara inda ya katse ba.

A nan ne mutane da yawa ke ɓata hanya, su nemi ƙamus ɗin launi: baƙi baƙin ciki, ja jini, fari lafiya. Babu irin wannan ƙamus. A wurinmu fari shi ne farin ciki, shi ne kuma likkafani. Shuɗi mai duhu da wani zai ce launin damuwa ne, shi ne turkuɗin da marinan Kura ke rinawa, mabuga su buga shi har yana ƙyalli, Buzaye su saya da tsada su naɗa ranar alfarma. Launi shi kaɗai ba ya magana, sai an ga yadda aka ɗora shi, da abin da ke gefensa, da yawan filin da ya cinye.

Akwai kuma dalilin da ya sa yaron bai zana mahaifiyarsa ita kanta ba, kuma wannan dalilin namu ne. Sutura. Ko kullum sai ka ga hoton majinyaci a Facebook, an yaye masa zane an nuna ƙafar da ta ruɓe ko cikin da ya kumbura, da lambar asusu a ƙasa. Ban zargi masu yi ba, matsi ne ya kai su, kuma sau da yawa ta nan taimako ke zuwa. Amma irin wannan hoto yana tsayar da mai kallo a sama, majinyaci a ƙasa. Ka ce "wayyo", ka tura abin da ya sawwaƙa, ka wuce, kana gode wa Allah ba kai ba ne. Wane ɗa ne zai so a kalli mahaifiyarsa haka? Kwalin nan ya fitar da nauyin abin, ya bar ta a lulluɓe. Kuma da yake babu fuskar kowa a ciki, babu abin da zai hana mai kallo ya sa tasa. Ga kuma batun addini, wanda ba a tsallake shi a ƙasarmu. Malamai sun daɗe suna magana kan zana abu mai rai, kuma a Bukhari da Muslim akwai labarin mai sana'ar zane da ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ɗan Abbas ya ce masa in dole ne sai ya yi, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Zane marar siffa bai ma shiga wannan takaddama ba. Yaron da ke jin nauyin rataye fuskar mutum a shagon da yake salla, ba ya jin komai game da shuɗi da farin layi.

Wani zai ce duk wannan kayan Turawa ne, ina ruwan ɗan ƙauye. Ni kuwa ina ganin idon ɗan ƙauyenmu ya fi na ɗan birnin Turai sabawa da ado marar siffa. A cikinsa muka tashi. Faifan da ke rufe da ƙwaryar fura, zayyanar allon sauka, aska takwas a ƙirjin babbar riga, dagi a goshin soro, lallen amarya, ɗinkin hula. Wa ya taɓa ɗaukar faifai ya ce "hoton mene ne wannan?" Shanun da aka zana a duwatsun Birnin Kudu tun zamanin da sun nuna mutanen wannan ƙasa sun san zana dabba, amma adon da ya zauna a gidajenmu na layi ne da launi. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, abin da suka nace a kai ke nan, kowa ya waiwayi adon gidansu ya haɗa da abin da ya koya a aji.

Sai dai akwai bambanci, kuma a nan gizo ke saƙar. Adonmu na gargajiya gwanintarsa ita ce ɓoye hannu. Mai faifai in zagaye ɗaya ya karkace sai ta warware. Mai zayyana in tawada ta ɗiga sai ya wanke ya sake. Ba za ka taɓa duba hula ka gane mai ɗinkin ta kwana da zazzaɓi ba. Wato adon namu ma "da sauƙi" yake cewa. Abin da ɗan yayata ya yi, kayan aikin gida ya ɗauka, bula da ƙaro da farar ƙasa, ya bar katsewar layin yadda ta zo. Wannan shi ne baƙon abu a idonmu, kuma shi ne ya sa mutum ke ɗan jin nauyin kallonsa, kamar ka shiga ɗaki ba sallama.

Ba na so in zaƙe, domin ƙanwarsa ta kusa rushe min wannan lissafin. Ita ce ke zaune gefen tabarmar uwar wuni guda, kuma hula take ɗinkawa, ɗaya bayan ɗaya, allura na shiga tana fita a ƙa'ida, babu karkata ko ta gashi guda. Da farko na ɗauka neman kuɗin cefane ne kawai. Daga baya na lura ranar da jikin ya fi tsanani ta fi ɗinki. Akwai wata mai zane a Amurka, Agnes Martin, wadda ta rayu da ciwon taɓin hankali, ta kuma shafe shekaru tana jan siraran layukan fensir a jere a kan manyan yaduka, tsaf-tsaf, kamar takardar lissafi. Ashe wani in abu ya yi masa yawa sakin hannu yake yi, wani kuma ƙara damƙewa. Hular ma sawu ce, sai dai mai karanta ta sai ya san adadin da aka ɗinka a wata.

Dole kuma a faɗi inda fannin yake da rauni. Kasuwar zane tana son labarin ciwo, domin yana ƙara farashi, kuma da zarar an ce mai zane ba shi da lafiya, duk duhun da aka gani sai a ce mutuwa ce yake hangowa. Mark Rothko, wani mai zane a Amurka, misali ne. A 1968 babbar jijiyar jini ta kumbura masa, likitoci suka hana shi manyan zane-zane, a 1970 ya kashe kansa. Mutane sukan nuna zanensa 14 masu tsananin duhu da ke wani ɗakin tunani da aka buɗe a birnin Houston a 1971, su ce ga alamar. Alhali ya gama su kafin ciwon ya same shi, kuma a shekarunsa na ƙarshe ya yi wasu a takarda masu launi mai haske. Matisse yana keken guragu ya yi aikinsa mafi fara'a. Ciwo yana sauya hannu, amma ba ya rubuta wa kowa abu ɗaya. Sannan akwai malalata da ke watsa fenti su ɗora masa dogon suna. Hanyar da na sani ta rarrabewa ita ce zama. Na banza a kallo ɗaya yake ƙarewa. Wanda aka yi da gaske, in ka dawo gobe za ka ga abin da ba ka gani jiya ba.

Kuma ba magani ba ne. Tun 1942 wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, wanda ya yi jinyar tarin fuka, ya ba amfani da zane wajen taimaka wa majinyata suna, yanzu fanni ne da ake karantawa. Amma yayata ƙwayar hawan jini take buƙata a kan lokaci, da gashin ƙashi da sai an yi tafiya mai nisa an biya mota, da mutum na uku da zai karɓi yaran nan su runtsa. Kwalin bai kawo ko ɗaya daga ciki ba. Ni da na zo na zauna ina nazarin layi, kwana uku na yi na koma bakin aikina.

Rothko ɗin nan ya fi son a rataye aikinsa ƙasa-ƙasa, a rage haske, mutum ya matso kusa ya tsaya. Ya kuma ce masu zubar da hawaye a gaban zanensa suna jin abin da ya ji ne lokacin da yake yi. Da na karanta wannan sai na ga ai dubiya yake kwatantawa. Dubiyar ƙauye ba hira ba ce. Tsohuwa za ta tako daga wata unguwa da ɗan kunun tsamiya a kwano, ta gaisa, ta sami gefen tabarma ta zauna. Sa'a guda tana nan, kalmominta ba su wuce "sannu" da "Allah Ya ba da lafiya" ba. Ba ta tambayi sunan cutar ba, ba ta kawo shawara ba. Ta tashi ta tafi, kuma kowa a gidan ya san an zo. Zumunta a ƙafa take, sauran kuma a zaman. Irin wannan zane haka yake so a yi masa, kuma mai tambayar "me yake nufi" kamar mai dubiyar nan ne da ke tsare marar lafiya sai ya ba shi labari tun daga farko.

Ranar da zan taho gwaggon yaron ta zo, yayar mahaifinsa, wadda ta yi jinyar mijinta shekara shida kafin Allah Ya karɓi abinsa. Ba ta taɓa shiga aji ba. Bayan ta fito daga ɗakin yayata ta leƙo shagon mu gaisa, sai ta ga kwalin. Na zuba ido in ji ta yi tambayar da na yi. Ba ta yi ba. Ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna a gabansa, ta gyara mayafi, tana jan carbi. Mun yi shiru har mai babur ɗin da zai kai ni bakin titi ya fara danna oda a waje. Can ta miƙa hannu ta bi farin layin da yatsa ba tare da ta taɓa shi ba, ta tsaya daidai inda ya katse na biyu.

Ta ce, "A nan ne ake jin kamar asuba ba za ta yi ba."

Yaron ya sunkuyar da kai. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗauki kwanonta, sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Ɗan nan, ina gajiya?"

Ya ce, "Ba gajiya, Gwaggo."

Ta ce, "To, madalla. Je ka kwanta, ina nan har la'asar."